Kafin Allura Ta Kai Ja: Tsohuwar Mota da Zafin Bazara a Hanyoyin Gugaram

Gaisuwa ta musamman ga direbobi da yaran mota da makanikai na Gugaram da Arlit da Akokan, da na Iferwan da Timiya, da duk wanda muryarmu ta iske bisa hanya, ko a gindin wata itaciya ana jiran rana ta yi sanyi. Allah ya kai kowa gida lafiya. Shirinmu na yau a kan tsohuwar mota ne da zafin inji, wato yadda za a yi mota ta ƙetare bazara ba ta tafasa ba.

Kun san halin da ake ciki. Daga watan Afrilu zuwa Yuli ƙasar nan wuta take, a Mayu da Yuni kuwa zafin rana a Arlit kan haura digiri 40 kusan kullum. Babbar hanyar uranium, wadda ta taso daga Tawa ta ratsa Agadas ta ƙare a Arlit, tun ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa ta, kuma duk wanda ya bi ta a shekarun nan ya san wuraren da kwalta ta cinye har direba ya gwammace ya sauka gefe ya bi yashi. Tsakanin Agadas da Arlit kaɗai kusan kilomita 240 ne. In ka bar babbar hanya ka nufo Gugaram da duwatsun Abzin, sai tsakuwa da rairayi da ƙoramu. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, motocinmu suka ƙara nisan tafiya, suka ƙara nauyin kaya, alhali yawancinsu sun girmi yaran da ke wanke su.

A Yamai ko Maraɗi, in mota ta tafasa, asara ce ta kuɗi da ɓata lokaci. A nan maganar rai ce. Ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace a cikin hamada, ƙishirwa ta ƙarasa su, har ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Allah ya jiƙansu. Na tuna mana da su ne don mu san nauyin abin da direba ke ɗauka duk ranar da ya murza makulli ya fuskanci daji.

Abin da nake so ya zauna a zuciyar kowa shi ne: injin da ya tafasa a tsakiyar rana, tun a gida aka fara kashe shi, da irin ruwan da ake ɗura masa da ƙananan abubuwan da aka ce a bari sai an dawo. Rana ƙarasawa kawai take yi.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki. Man da inji ke ƙonawa, gazuwal ne ko fetur, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke juya taya. Wani kashin yana fita ta salansa. Na ukun yana shiga jikin ƙarfen inji, kuma ruwa ne ke ɗebo shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ya zagaye inji, ya kwashi zafi, ya bi tiyo ya shiga radiyata, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira lagireto. A can ruwan yake rarrabuwa cikin siraran bututu masu yawa, iska ta ratsa tsakaninsu ta kwashe zafin, ruwa ya koma inji. Lafiyayyen inji yana aiki ne tsakanin digiri 80 zuwa 95. To ku duba, iskar da za ta sanyaya shi ita kanta ta haura 40, kusa da ƙasa ma ta fi haka. Ratar da ta rage kaɗan ce. Abin da mota za ta yafe maka a watan Janairu ba za ta yafe maka a watan Yuni ba.

Sai ruwa, kuma a nan zan daɗe.

Malam direba, in ka sauka yau ka ɗauki butar shayinka wadda ta shekara tana aiki, ka leƙa cikinta. Za ka ga wani farin ɓawo ya manne a gindinta, mai tauri, wanda sai ka kankare da wuƙa. Daga ruwan rijiya ya fito. Ruwan rijiyoyinmu da yawa yana ɗauke da gishiri da kanwa da farar ƙasa, duk lokacin da ya yi zafi sai ya bar su a jikin ƙarfe. Wannan ɓawon shi ne ke taruwa a cikin radiyatarka, sai dai ita bututunta ko tsinken tsintsiya da ƙyar zai shiga wasu. Bututu ɗaya ya toshe, biyu su toshe, goma su toshe, kai kuwa kana buɗe murfi kana ganin ruwa cike har baki kana cewa lafiya lau. Ga kuma tsatsa, domin ruwa zalla yana cin ƙarfen inji daga ciki, yana cin fikafikan famfon ruwa har su zama kamar ba su. Jan ruwan tsatsar nan da kake gani in ka buɗe murfi, injinka ne ke narkewa a ciki.

Akwai gwaji mai sauƙi. Bayan mota ta yi tafiya ta ɗumama, kashe ta, ka zare makulli, ka jira kaɗan, sannan ka shafa bayan hannunka a jikin radiyata a hankali, sama da ƙasa, dama da hagu. In ka ji wani yanki da zafi, wani yanki a tsakiya da sanyi, to wurin sanyin nan ruwa ba ya bi. Wankin sama-sama ba zai buɗe shi ba. Sai an kai wa mai gyaran radiyata ya cire kanta ya zura wa bututun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, in kuma ta ruɓe a sake wata. A yi wannan a watan Maris, kafin zafi ya kankama.

To wane ruwa za a zuba? Ruwan sanyaya inji na kanti, mai launin kore ko ja. Na san abin da wasu ke cewa: wai na ƙasashen ƙanƙara ne, mu ina ruwanmu da shi. Gaskiya yana hana daskarewa, kuma wanda ya taɓa kwana a tuddan Abzin a tsakiyar ɗari ba zai raina wannan ba. Amma babban amfaninsa gare mu shi ne maganin tsatsa da ke cikinsa, ga shi kuma yana ɗaga lokacin tafasar ruwa da 'yan digiri. Akwai wanda aka riga aka sirka, shi zubawa kawai ake yi. Akwai mai kauri wanda sai an sirka shi, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, sauran ruwa mai tsabta. Kada a zuba mai kaurin zalla da tunanin an yi wa mota gata, domin shi kaɗai bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba. Ruwan sirki kuwa, mafi kyau shi ne tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir, amma a tabbata ruwan ne ba asid ba. In babu, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta aka tace. Injin Land Cruiser na gazuwal mai silinda shida, 1HZ, wanda Toyota ta fito da shi a 1990 kuma har yau shi ne jakin hamadar nan, abin da yake sha lita goma ne ko sama da haka kaɗan. Ku auna kuɗin wannan da kuɗin sauke inji. A canza ruwan duk bayan shekara biyu.

Gargaɗi ɗaya, iyaye mata ku ma ku ji. Ruwan nan guba ne, kuma yana da zaƙi-zaƙi. Yaro ko akuya in suka sha yana lalata ƙoda, yana kisa. Kada a zuba shi a gorar lemo ko jarkar ruwan sha, kada a bar wanda aka juye a kwano a tsakar gida.

Yanzu murfin radiyata. Ƙaramin abu ne, shi ya sa aka raina shi. Ku juya shi ku duba: akwai roba, akwai sifirin, a samansa kuma an rubuta lamba, galibi 0.9 ko 1.1. Aikinsa ya matse ruwa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, in an hau dutse ma tun bai kai ba, da digiri biyu ko uku. Amma a ƙarƙashin murfi mai 0.9 sai ya kai kusan 118 kafin ya tafasa. Ke nan murfin da robarsa ta tsage ya sace maka kusan digiri ashirin. Wanda ya toshe bakin radiyata da tsumma da leda ya ɗaure da roba, ya sani da ransa da na fasinjansa yake wasa. Murfi sabo ɗaya a mota, ɗaya a ajiye cikin akwatin kayan aiki.

Sai maganar da na san za mu yi jayayya da wasu makanikai, kuma ina girmama su, domin su ne ke tayar da motocin da kamfanin da ya ƙera su ma ya manta da su. Maganar kalorsta ce, ɗan ƙarfen nan mai sifirin da ke bakin tiyo, wanda ke rufe hanyar ruwa in inji na da sanyi, ya buɗe in ya kai wajen digiri 80. Al'ada ce a garejinmu, mota na zuwa da zafi sai a cire shi a jefar, a ce ƙasar zafi ba ta bukatarsa. Ni ban yarda da wannan ba, ga dalilina. A injuna da yawa, har da na Toyota da muke hawa, akwai wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga radiyata ba. Kalorsta in ya buɗe babbar hanya, gindinsa ne ke toshe wannan gajeriyar. In ka cire shi, ƙofofi biyu a buɗe suke, wani kaso na ruwan zafi sai ya riƙa zagaye a cikin inji bai taɓa ganin iska ba. Da safe allurar awon zafi za ta kwanta ƙasa ka ji daɗi, inji na aiki da sanyi yana cin mai yana cin zobba. Da azahar a cikin yashi, lokacin da kake bukatar kowane ɗigo ya bi radiyata, sai allura ta tashi. Abu na biyu, cire shi yana ɓoye ainihin ciwon, wanda sau da yawa toshewar radiyata ce. In ana zargin kalorsta, gwada shi ba wuya: a ɗaura masa zare a saka cikin tukunyar ruwa bisa wuta. In ya buɗe baki sosai kafin ruwa ya tafasa, lafiyarsa ƙalau, a mayar. In bai buɗe ba, a sa sabo. A tsakiyar daji in ya maƙale a rufe, cire shi ka kai gari, wannan lalura ce. Kana isa ka sayi wani.

Fanka fa? Yawancin tsofaffin Land Cruiser da Hilux fankarsu tana da wani kuloci mai ɗan mai a ciki, wanda ke kama ta da ƙarfi in zafi ya ƙaru. In man ya tsiyaye, fanka tana juyawa a ido amma ba ta jan iska. Alamarsa, mota lafiya lau a guje bisa kwalta, tana shiga yashi ko ta tsaya sai zafi. In inji ya yi zafi ka kashe shi, ka tura fankar da hannu: in ta yi ta juyawa sakaka, kulocin ya mutu. Lafiyayya tana da nauyi a hannu, kuma in ta kama kana jin gurnaninta daga cikin mota. Robar nan mai zagaye fanka, wadda ake cirewa a ce tana hana hannu shiga, a mayar da ita, ita ke tilasta iska ta bi ta cikin radiyata. Bel ɗin fanka a danna shi da babban yatsa, ya ɗan lotsa kamar faɗin yatsa ɗaya, kada ya fi. Mai tsagewa ko mai ƙyalli a canza shi, tsohon a ajiye a mota. Tiyo a matsa shi da safe: wanda ya yi laushi ko ya kumbura kusa da bakinsa ya kusa fashewa.

Ku leƙa gaban motar kuma. Fitilu huɗu, jarka, buhu, wani har safaya yake ɗaurewa a hancin mota. Duk sun tare iska. Bayan damina, in aka bi ƙorama mai laka ko fili mai ciyawa, laka da ƙarangiya da fara suna cushewa tsakanin fikafikan radiyata su bushe. Haska tocila daga baya, in haske bai fito ta gaba ba iska ma ba ta wucewa. A wanke daga ɓangaren inji zuwa waje, da ruwa marar ƙarfi, don kada fikafikan su lanƙwashe. Baƙin mai shi ma yana sanyaya inji, a duba shi kowace safiya, a kaɗe matatar iska.

Tuƙi kansa rabin magani ne. Kakanninmu masu ayarin raƙuma ba sa tafiya da tsakar rana in ba dole ba, mota mai shekara talatin ma haka take so. A tashi bayan asuba, a huta daga sha biyu zuwa la'asar. Kafin a shiga rairayi a rage iskar taya, domin taya mai tauri nutsewa take yi, inji ya yi ta ihu mota ba ta gaba. In an fito a mayar da iska. A sa giyar da inji zai yi numfashi da ita, kada a danne shi a babbar giya yana kakari. Ga wani abu da tsofaffin direbobin hamadar Tenere suka sani: iskar da ke bin bayanka mugunta ce. In kana tafiya a hankali cikin yashi, iska na tafiya da kai gudu ɗaya, to babu abin da ke shiga hancin mota. Lodi kuwa, kowa ya san gaskiya. Buhu biyar ɗin da aka ƙara a tasha, radiyata ce ke biyan kuɗinsu a hawan dutse.

To, allura ta wuce inda ta saba tsayawa, ta nufi ja. Me za ka yi?

Kada ka ce bari in kai rijiyar can. Kashe na'urar sanyi in akwai. Kunna hita har ƙarshe da fankarta, a buɗe gilasai, za ku sha wuya amma tana janye zafi daga inji. Nemi ƙasa mai tauri ka tsaya, ka juya hancin mota ya fuskanci iska, ka ɗaga bonet. Duba abu biyu da ido: bel yana nan yana juyawa? Ruwa na zuba? In bel na nan kuma babu yoyo, bar inji ya yi ta aiki a tsaye, ka ɗan ƙara masa wuta kaɗan, famfo da fanka su sauke zafin. Kashe shi nan take yana sa ruwan da ke cikin kan inji ya tsaya cik ya tafasa. Amma in bel ya tsinke, ko tiyo ya fashe, ko tururi na tashi, kashe shi a take.

Yaran mota, ku nake wa magana yanzu, ƙannena. Kada maigida ya ce buɗe murfin ka kai hannu. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, murfin ne kaɗai ya danne shi, kana sassautawa zai yi tsiri ya wanke maka fuska da ƙirji, kuma asibitin da zai karɓe ka yana Arlit. A jira aƙalla rabin awa, har tiyon sama ya yi laushi a hannu. Sannan a ninka tsumma mai kauri, a juya murfi zuwa gaɓar farko, a kau da fuska, a bar iska ta gama fita. Ruwa kuma a zuba shi kaɗan-kaɗan inji na aiki. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana tsaga kan inji, kulas kamar yadda makanikai ke cewa, musamman na alminiyom irin na Peugeot 504 da sababbin motoci. Ɗan yayyafi a jikin radiyata daga waje ba laifi in ruwan ya wadata, amma kada a kwara wa inji.

Akwai wani tarko da ya ci injuna da yawa. Allura ta hau, ta hau, can sai ta faɗo da kanta, direba ya ce alhamdulillahi ta huce. Sau da yawa ruwan ne ya ƙare ƙaf, abin awon ya rasa abin da zai auna. In ka ga haka, ko hita ta koma busa sanyi, tsaya a inda kake.

In yoyo ne a radiyata, na san dabarun hanya: garin barkono, garin taba, ƙwai, sabulu. Suna iya toshe ƙaramar ƙofa su kai ka gari, ba na musu. Amma ba su san bambancin ƙofar yoyo da bututun kirki ba, duka suke toshewa, saboda haka kana isa a wanke radiyatar a yi mata walda. In bututu ɗaya ne ya fashe, gara a matse shi da filaya sama da ƙasa. A bar murfi a gaɓar farko don kada matsi ya ƙara tura ruwan waje, a tafi a hankali ana tsayawa ana ƙarawa. A irin wannan hali ruwan rijiya ma a zuba, in an koma gida a juye.

Motar da ta taɓa tafasa sosai, a sa mata ido. In ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, in kumfa na tasowa a bakin radiyata inji na aiki, in farin hayaƙi na fita bayan inji ya ɗumama, in baƙin mai ya koma launin shayi da madara, to gasket ɗin kulas ya ƙone. Wannan mota ba ta fita daji sai an gyara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Masu motoci, iyayen gidanmu, in direba ya ce a sayi murfi ko tiyo ko bel, kada a ce masa lallaɓa ka dawo. Shi ne zai kwana a daji da matan mutane da 'ya'yansu. Fasinja, in direba ya tsaya don inji ya huce, a daina yi masa tsiya, taimakonku yake yi. Kuma kowace mota ta fita da ruwa kashi biyu, na inji daban, na sha daban, kada a taɓa na sha don radiyata sai an tabbata akwai rijiya kusa. A bazara babban mutum yana bukatar lita biyar zuwa sama a yini, a ɗauki na kwanakin da suka fi na tafiyar. Kafin ka bar Gugaram ko Arlit, faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ka isa. In tafiyar mai nisa ce a yi ta mota biyu. In mota ta mutu, a yi inuwa a zauna kusa da ita, domin mai nema mota yake hangowa kafin mutum.

Gobe da asuba, kafin ka murza makulli, inji na da sanyi, buɗe murfi ka duba ruwa, ja sandar baƙin mai, danna bel, matsa tiyo, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin mota ko ƙasa ta jiƙe. Wanda ya ji shirin nan ya faɗa wa abokin aikinsa da bai ji ba. Allah ya tsare hanya, sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.